Muhawara: ta wace ƙofa sabon shiga zai taimaki Selenium?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun samu sabbin mutane a zauren nan, yawancinsu ɗalibai ne da masu gwajin manhaja da hannu waɗanda ke son koyon gwajin da kwamfuta ke yi da kanta. Barkanku da zuwa, Allah ya sa mu amfani juna.

Ga abin da ke raina. Kusan duk mai cin abinci da gwajin shafukan intanet a cikinmu ya taɓa amfani da Selenium, manhajar da ke sarrafa burauza don gwajin ya gudana da kansa. Tun 2004 Jason Huggins ya fara shi a kamfanin ThoughtWorks a Amurka, buɗaɗɗiyar manhaja ce ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, ba a taɓa karɓar kobonmu ba. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Amma a nan kullum maganar yadda za mu amfana muke yi, ba mu taɓa zama mun yi maganar me za mu mayar ba. Shawarata ita ce mu riƙa kama hannun sabbin shiga har su fara ba da gudummawa ga aikin. Me kuka gani?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam. Na gode da tarba, Baba. Ni ɗalibi ne, Python kawai na ɗan iya. Ina so ƙwarai, amma da na buɗe rumbun Selenium a GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin manhajoji, sai gabana ya faɗi. Java, C#, Ruby, JavaScript, Python, har da Rust, duk a wuri ɗaya, kuma sai da Bazel ake haɗa shi. Laftof ɗina ƙarama ce, wuta ba kullum ba, data kuma daga kuɗin abinci nake cirewa. Sannan na taɓa aika gyara ga wani aiki daban, har yau ba wanda ya ce min kanzil. Wannan ya kashe min gwiwa sosai.

Injiniya:
Malam Baban Khalifa, niyyarku mai kyau ce, amma ina da ja. Mu yi hattara kada mu tara yara mu tura su su zame wa masu kula da aikin kaya. Duk gyaran da aka aika ana neman a haɗa, sai wani ya zauna ya karanta, ya gwada, ya rubuta amsa, kuma masu ikon yin hakan ba su da yawa.

Ku tuna Hacktoberfest na 2020. Kamfanin DigitalOcean mai shirya shi ya ce duk wanda ya aika wa buɗaɗɗun manhajoji gyara huɗu a watan Oktoba zai samu riga. Tun ranakun farko aka cika rumbunan mutane da shirme, wannan ya ƙara kalma ɗaya a shafin gabatarwa, wancan ya sauya waƙafi. Masu kula da ayyuka suka yi ta kuka, har cikin 'yan kwanaki aka sauya doka, aka ce sai aikin da ya amince ya shiga ne za a ƙirga gyaransa. Yanzu kuma ga masu sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu rahoto, su manna ba su ko gwada ba. Daniel Stenberg, mai kula da buɗaɗɗiyar manhajar curl, ya sha kokawa a fili kan wannan. In dai irin wannan za mu samar, gara mu bar mutanen su yi aikinsu cikin kwanciyar hankali.

Maman Ihsan:
Injiniya, abin da ka faɗa ya faru, ba musu. Sai dai ka ɗauka gudummawa tana nufin aika kod kawai. Ni na daɗe ina gwaji da hannu kafin in rubuta layi ɗaya, kuma a ganina abin da Selenium ya fi buƙata daga irinmu shi ne tace rahotanni. Bari in buɗe maganar saboda ƙannenmu.

Idan ka rubuta gwaji ka ce a danna maɓalli, ba Selenium ne ke dannawa da kansa ba. Saƙo yake aikawa bisa ƙa'idar WebDriver, wadda W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta tabbatar a 2018, zuwa ga direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa burauzar. Direbobin nan kuma masu burauza ne ke rubuta su: chromedriver na Google ne, geckodriver na Mozilla, safaridriver na Apple, na Edge kuma Microsoft. To in gwaji ya faɗi, tangarɗar tana iya kasancewa a kod ɗinka, ko a shafin da kake gwadawa, ko a direba, ko a burauza, ko a Selenium ɗin kansa. Mai kawo ƙorafi sau da yawa bai bambance ba. Sunan Selenium ya sani, can zai kai kukansa, wani lokaci da kod mai tsawon gaske wanda ba zai yi aiki ba sai a cikin shafin kamfaninsu da ba wanda ke iya shiga.

Yanzu ka ɗauki mutumin da zai zaɓi irin wannan rahoton, ya gwada a Chrome, ya gwada a Firefox, ya dawo ya rubuta: a Firefox lafiya lau, a Chrome siga kaza ne yake faɗuwa, ga ɗan gajeren kod da ƙaramin shafin HTML da kowa zai iya gwadawa ya gani. Wannan mutumin bai ƙara wa kowa kaya ba, sauke musu ya yi. Daga nan mai kula da aikin zai san ko nasu ne, ko a tura wa masu chromedriver. Kuma gwaji ne zalla, sana'armu ce.

Ɗan Samaru ƙanena, wannan aikin ba ruwansa da Bazel. Ka girka selenium da pip, ka samu burauza biyu, shi ke nan.

Ɗan Samaru:
Anti, na gane. Amma ba za a ce na yi shisshigi ba? Rahoton wani ne, ba ni aka tambaya ba. Kuma Turancina ba mai ƙarfi ba ne.

Maman Ihsan:
Ba shisshigi ba ne, don haka aka bar shi a buɗe. Turanci kuma ba adabi ake nema ba. Sigar Selenium, sigar burauza, sigar direba, Windows ne ko Linux ko Mac, abin da ka yi, abin da ka gani. Fom ɗin rahotonsu ma abubuwan da yake tambaya ke nan. Masu aikin kansu daga ƙasashe daban-daban suke, da yawansu Turanci ba harshensu na gida ba ne.

Mai Python:
Bari in ƙara ƙofa ta biyu. Takardun bayani na Selenium ba a babban rumbun suke ba, rumbunsu daban ne, kuma bai kai wancan nauyi ba. A shafukan za ka ga kowane bayani da misalinsa a yaruka daban-daban, ka danna Java ka gani, ka danna Python ka gani. Akwai wuraren da misalin wani yare bai samu ba, kuma sun sa alama a wurin suna neman a cike. Misalan nan kod ne na gaske da ake gudanarwa a gwada, ba rubutun ado ba. Wanda ya iya Python zai iya duba na Java, ya rubuta kwatankwacinsa, ya tabbatar yana aiki, ya aika.

Kuma kada a raina amfanin wannan. Ku duba tambayoyin da ake yi mana a nan. Sau nawa wani ya zo yana cewa find_element_by_id ya daina aiki? An cire shi daga Python tun siga ta 4.3 a 2022, amma tsofaffin darussan YouTube har yanzu shi suke koyarwa. Haka maganar sauke chromedriver da hannu a nuna wa kod inda yake. Tun siga ta 4.6 aka kawo Selenium Manager, wanda aka rubuta da Rust, shi ke nemo direban da ya dace. Mutane na wahala a kan abin da an riga an magance, saboda bayanin da ya iso gare su tsoho ne. Misali mai kyau guda ɗaya yana hana rahotanni da yawa zuwa tun farko.

Ƴar Maraɗi:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina gaida manya. Ni daga Nijar nake, da Faransanci na yi karatu, don haka takardun Turanci sau biyu nake wahala da su. Na ga takardun Selenium akwai su da Japananci, da Sinanci, da Fotugis na Birazil. Me zai hana mu fassara su da Hausa? Wannan ai gudummawa ce da ba wanda zai yi sai mu.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam 'yata, sannu da zuwa. Raina ya so wannan shawarar, amma zan faɗa miki gaskiya. Fara fassara ba wuya, riƙe ta ce wuya. A 2021 Chrome ya koma fitar da sabuwar siga duk mako huɗu, Selenium ma yana fitar da tasa akai-akai, takardun na sauyawa da su. Fassarar da aka bari ta tsufa ta fi rashinta cutarwa, don mai karatu zai yarda da ita, ya bi, ya faɗa matsala. Kuma in muka kai musu Hausa, ba mai iya dubawa a cikinsu, mun ɗora musu amanar da ba za su iya tsarewa ba.

Abin da nake ganin za mu iya riƙewa shi ne ɗan littafin farawa da Hausa a namu rumbun: yadda ake girkawa, gwajin farko, yadda ake jiran abu ya bayyana a shafi ba tare da time.sleep ba, yadda ake rubuta rahoto. Mu rubuta sigar da muka gwada da ita a saman kowane shafi. In muka yi shekara muna sabunta shi ba mu gaza ba, lokacin muna da bakin zuwa mu yi musu maganar fassara.

Ƴar Maraɗi:
Na yarda, Baba. To a sa babi kan haruffanmu. Na sha ganin fom da ke ƙin karɓar suna saboda akwai ɗ ko ƙ a ciki. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa, ku kuma 'y, kuma kowanne da irin matsalar da yake jawowa.

Mai Python:
Wannan babin ni zan rubuta shi da ke, 'yar uwa. Haruffa masu lanƙwasa suna cikin Unicode, Selenium yana iya tura su cikin fom, in an ƙi karɓa to yawanci mai shafin ne ya taƙaita haruffa daga a zuwa z. Na 'y ɗin ne ke cizon mai gwaji kansa. In kana neman rubutu kamar 'Yan kasuwa ta hanyar XPath, wato salon nemo abu a cikin shafi, alamar nan ta farko tana iya rufe maka jimla ba shiri, domin XPath 1.0 da burauzoji ke amfani da shi ba shi da hanyar kuɓutar da alamar. Sai ka sauya irin alamar da ka kewaye rubutun da ita, in duka ' da " suna ciki kuma sai ka yanyanka rubutun ka haɗa shi da concat. A ɓangaren Java ma akwai aji mai suna Quotes da aka tanada don haka. Mu da sunayenmu da garuruwanmu ke cike da wannan alamar, mun fi kowa saurin cin karo da ita.

Bakatsine:
Ku yi haƙuri in tambaya. Ba Playwright, wata manhajar gwaji irin Selenium, ake yayi yanzu ba? Me ya sa za mu zuba ƙarfinmu a Selenium?

Injiniya:
Playwright yana da kyau, ina amfani da shi. Amma Microsoft ce ta fito da shi a 2020 kuma tana biyan ma'aikatan da ke kansa. Selenium ba na kamfani ɗaya ba ne, shi ya fi buƙatar hannu. Kuma sabuwar ƙa'idar WebDriver BiDi da ake rubutawa a W3C, masu burauza da mutanen Selenium duk suna ciki. Abin da ka koya wajen tace rahoto a nan zai yi maka aiki a can.

Amma ban gama jana ba, Hajiya Maman Ihsan. Na karɓi maganar tace rahoto. Abin da ya rage min shi ne wannan kalma ta "kowa ya shigo". A ranar 29 ga Maris 2024 Andres Freund ya bayyana cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a xz, manhajar matse fayiloli da ake amfani da ita a Linux, siga ta 5.6.0 da 5.6.1. Ya gano ne saboda shiga kwamfuta daga nesa ta SSH ta yi masa jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Wa ya dasa? Wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya shafe shekaru yana aika gyare-gyare masu kyau har aka yarda da shi aka ba shi iko. Kuma mu masu gwaji ya kamata abin ya fi tsorata, don a cikin fayilolin gwaji aka ɓoye mugun kod ɗin, wurin da ba a cika dubawa ba. Selenium yana gudana a cikin injinan kamfanoni masu yawan gaske. Tarba ba tare da tsaro ba haɗari ce.

Maman Ihsan:
Injiniya, ka karanta labarin xz har ƙarshe kuwa? Lasse Collin kusan shi kaɗai ya riƙe aikin nan shekara da shekaru, ba albashi. Ya faɗa da bakinsa cewa ya gaji. Wasu asusu suka yi ta matsa masa lamba suna cewa aikin ya tsaya, ya miƙa wa wani. Da akwai mutum biyar amintattu a kusa da shi suna duba gyara, suna amsa masu ƙorafi, da wuya mutum ɗaya ya samu wannan damar. Abin da ya buɗe ƙofar kaɗaici ne. Amintattun nan kuma daga ina za su fito, in ba daga sabbin shiga na yau da aka raina a hankali ba?

Kuma ba wanda ya ce a ba Ɗan Samaru makullin rumbu gobe. Tarba daban, iko daban.

Baban Khalifa:
Nan ne nake so mu tsaya mu duba da kyau. Selenium yana da tsarin shugabanci a rubuce: akwai masu ba da gudummawa, akwai waɗanda aka ba ikon haɗa kod bayan an daɗe ana ganin aikinsu, akwai kwamitin da ke jagorantar harkar fasaha. Simon Stewart, wanda ya ƙirƙiro WebDriver, ya daɗe yana jagorantar aikin, ya sauka a 2021 lokacin fitowar Selenium 4, kuma aikin bai tsaya ba. Dalili shi ne akwai waɗanda suka taso a bayansa. Kowannensu akwai ranar da ya aika gyaransa na farko, wani ya karanta ya amsa masa.

Abin da ya taɓa ni a yau shi ne maganar yaron nan, cewa ya aika gyara ba wanda ya tanka. Ba ma sai an zage ka ba, shiru kaɗai ya isa ya kore ka. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ba mu da iko a kan yaushe masu Selenium za su amsa, mutane ne masu ayyukansu da iyalansu. Amma muna da iko a kan zauren nan. Duk wanda ya yi tambaya a nan a amsa masa, ko da amsar ita ce "na gani, zan duba da dare". Kuma kada a sake ce wa sabon shiga "je ka tambayi Google". Na ga an yi haka kwanakin baya, yaron bai sake magana ba.

Injiniya:
To ga sharaɗina, in an yarda ina ciki. Kada kowa ya aika komai da sunan wannan shirin sai an duba a nan tukuna. Rahoto ne, misali ne, gyara ne, a kawo mu gani. Ni zan riƙa dubawa, musamman na Java. Kuma wanda ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya faɗa, sannan ya iya bayanin kowane layi da bakinsa. In bai iya ba, bai shirya ba.

Maman Ihsan:
Na amince, amma ka riƙa tausasa harshe wajen duban. Ka faɗi abin da ya yi daidai kafin abin da ya saura.

Sai maganar kuɗi, da ba wanda ya taɓo. Selenium yana ƙarƙashin Software Freedom Conservancy tun 2011, ana kuma iya ba da tallafi ta Open Collective. Kamfanoni irin su Sauce Labs da BrowserStack suna biyan ma'aikatansu su yi aiki a kansa. Ni ba zan ce ɗalibi ya cire kuɗin abincinsa ya aika dala ba, ga canji, ga katin naira da ba kullum yake wucewa ba. Wuyan kamfanonin da muke wa aiki wannan nauyin yake. Duk fitar da sabuwar siga da muke yi a ofis, gwajin Selenium ne ke ba mu ƙarfin gwiwar dannawa. Sai da ɓarakar tsaro mai suna Heartbleed ta fashe a 2014 manyan kamfanoni suka farga cewa OpenSSL da duniya ta dogara da shi wajen tsare bayanai a intanet mutane ƙalilan ne ke riƙe da shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In kamfani ba zai ba da kuɗi ba, ya ba da lokaci. Ni zan nemi oga ya bar wa 'yan sashena yammacin Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da aiki ya riga ya yi sanyi.

Ƴar Maraɗi:
Anti, gaskiya ina son taimakawa, amma ina kuma neman abin da zai kai ni ga aiki. Laifi ne in faɗi haka?

Maman Ihsan:
Ko kaɗan, ƙanwata. Duk abin da kika rubuta a GitHub yana nan a fili, mai ɗaukar aiki zai iya karanta yadda kike tunani, kuma rahoto mai tsafta ya fi takardar shaida nuna mai gwaji. Ki kuma sa ido a kan Outreachy. Ita Conservancy ɗin ce ke tafiyar da shi, horo ne na wata uku daga gida, ana biyan dala 7,000, zagaye biyu a shekara. Akwai Google Summer of Code da ake yi tun 2005, wanda tun 2022 ba sai ɗalibi ba. Ayyukan da ke shiga suna sauyawa kowane zagaye, amma duk suna son ganin kin taɓa ba da gudummawa a fili. Abin da za ki kiyaye kawai, kada ki yi alkawarin ɗaukar wani aiki ki ɓace. In kin kasa, ki koma ki rubuta cewa kin saki, wani ya ɗauka.

Ɗan Samaru:
Baba, Anti, na gwada. Na ɗauki wani rahoto da ba a amsa ba, na girka sabuwar siga, na gudanar da kod ɗin mutumin a Chrome da Firefox. Duka biyun sun wuce lafiya, matsalar ba ta fito min ba. Ke nan ban samu komai ba, in nemi wani?

Injiniya:
A'a, ka samu abu. Duba wace siga mai rahoton ya ce yana amfani da ita. In tsohuwa ce, girka ta daban ka sake gwadawa. In ta faɗi a tsohuwar ta wuce a sabuwar, ka gano an riga an gyara, za a iya rufe rahoton. In ta wuce a duka, to bambancin yana wani wuri, wataƙila shi a Windows yake kai kana Linux, ko shi burauzarsa tana gudana ne ba tare da buɗe taga ba. Rubuto min sigoginka da abin da ya fito a allo, kada ka taƙaita, manna shi yadda yake.

Ɗan Samaru:
Tasa tsohuwa ce, Yaya. Wuta ta ɗauke yanzu, caji saura kaɗan. Da an kawo zan girka in turo.

Mai Python:
In za ka girka tsohuwar, yi ta a keɓantaccen muhalli da venv don kada ta taɓa sabuwar. Ƴar Maraɗi, na buɗe mana fayil na babin haruffa, turo min misalan sunayen da fom ya ƙi karɓa, amma ki cire na mutane, ki bar na garuruwa da unguwanni.